Manhajar imel ta kwamfuta: wacce ta dace da mai aiki a Zango?

Yawancinmu mun san imel ne ta hanya biyu: ta waya, ko ta burauza, inda mutum zai buɗe Chrome ya shiga Gmail ko Yahoo ya karanta ya rufe. Akwai hanya ta uku da ta girmi waɗannan biyun. Ana ɗora wa kwamfuta wata manhaja wadda aikinta shi ne ta je wurin kamfanin da ke riƙe da akwatinka, ta kwaso wasiƙun, ta ajiye su a cikin kwamfutarka. Masu Faransanci suna ce mata client de messagerie. Thunderbird da Outlook da Mail na kwamfutocin Apple duk irinta ne. Ba ta ba ka sabon adireshi, adireshinka na Gmail ko Yahoo ko na ofis yana nan yadda yake. Abin da yake canzawa shi ne inda wasiƙun suke kwana.

An ga amfanin wannan bambanci ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, a kwanakin farko na azumi, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ya durƙushe a Ghana da Kodebuwa da Benin da wasu maƙwabta, aka kwashe kwanaki ana fama. Wanda duk wasiƙunsa suke a burauza ya zauna yana kallon farin allo. Wanda yake da manhaja a kwamfuta bai iya aika komai ba shi ma, amma ya iya buɗe takardar farashin da aka turo masa watan jiya, ya duba lambar kwantena, ya rubuta amsoshinsa ya jera su suna jiran sabis. Irin wannan katsewa ba kullum take zuwa ba. Ɗaukewar wuta da ƙarewar data kuwa abokan zama ne, daga Aboabo har Sabon Zongo, kuma duk wanda ya ga dumsor na 2015 bai manta ba.

Wa yake buƙatarta

Ba kowa ba. Mai sayar da kaya a Kejetia wanda cinikinsa duka yana tafiya ta WhatsApp da kuɗin waya, kuma bai buɗe imel sai ranar da zai karɓi lambar shiga wani shafi, ba shi da dalilin wahalar da kansa. Wayarsa ta ishe shi.

Masu buƙata su ne waɗanda wasiƙa take zame musu hujja. Akwai wakilin da ke fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema yana tura su Wagadugu ko Yamai, wanda kowace kwantena tana da jerin takardu a bayanta. Akwai sakataren makarantar Islamiyya da ke musayar takardu da ofishin ilimi, da mai shirya tafiyar Umra da ke karɓar hotunan fasfo na mutum hamsin, da ƙungiyar matasa da ke rubuta rahoto ga masu ba ta tallafi, da ɗalibin KNUST da ke neman gurbin karatu a waje. Su ne sukan riƙe adireshi biyu ko uku, kuma su ne ake tambaya bayan shekara biyu, "Ina takardar nan da muka turo maka?"

Adana wasiƙa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934, ya rubuta littafi sukutum da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa, domin a zamanin fataucin goro takarda ce take ɗaukar amana daga wannan gari zuwa wancan. A da tana cikin gafaka ko akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Yanzu tana cikin wata kwamfuta a wata ƙasa da mai wasiƙar bai taɓa zuwa ba, kuma kamfanin yana da nasa sharuɗɗan. Google, alal misali, tun Disamba 2023 yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba.

IMAP da POP

Kafin a zo ga sunayen manhajoji, akwai tambayar da kowacce daga cikinsu za ta yi maka ranar farko, kuma amsar ta fi zaɓin manhajar kanta muhimmanci: IMAP ko POP?

POP ita ce tsohuwar hanya. Manhajar tana zuwa sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin, ta sauko da sababbin wasiƙu, kuma idan ba a hana ta ba tana iya goge su daga can. Daga nan wasiƙar ta zama taka, a kwamfuta ɗaya tak. Idan ka duba waya ba lallai ka gan ta ba. Idan ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, ko rumbunta ya ƙone, shi ke nan.

IMAP kuwa kamar madubi take. Wasiƙun suna zaune a sabar, kwamfutarka tana riƙe da kwafinsu, kuma duk abin da ya faru a ɗaya gefen yana faruwa a ɗayan. Ka karanta a waya, kwamfuta ta nuna an karanta. Ka ƙirƙiri jaka a kwamfuta, ta bayyana a waya. Wannan ita ce ta dace da kusan kowa a yau, tunda ba wanda yake aiki da na'ura ɗaya.

Sai dai a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Ganin wasiƙu a cikin kwamfuta yakan sa mutum ya ɗauka ya yi ajiya. Ba ajiya ba ce. Idan yaro ya ɗauki wayarka ya goge jaka, ko wani ya sace asusun ya share komai, to da zarar kwamfutar ta samu intanet za ta bi sahu ta goge nata kwafin. Abin da ke tsira shi ne wanda ka kwafa da hannunka zuwa jakar da ba ta da alaƙa da sabar. Za mu dawo kan wannan a ƙasa.

Idan manhajar ta nemi lambobi, IMAP tana aiki da 993, POP da 995, aikawa kuma, wato SMTP, da 465 ko 587. Ga Gmail da Yahoo da Outlook.com ba sai ka rubuta su ba, manhajar tana gano su da kanta. Ga adireshin ofis ko na makaranta, wanda ya gina muku shafin intanet shi zai ba ku.

Thunderbird

Ga mafi yawan masu karanta wannan shafi, ita ce zaɓin da na tsaya a kai. Ta fito daga gidan Mozilla, masu burauzar Firefox, sigarta ta farko ta fito a Disamba 2004, kuma tun 2020 wani reshe nasu mai suna MZLA ne yake kula da ita. Kyauta ce, babu talla a cikinta, gudummawar masu amfani da ita ce take riƙe ta. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, ba ta ƙayyade yawan adireshin da za ka sa, kuma ba ta tambayarka ko aikin gida kake yi ko na kasuwanci. Akwai ta da Turanci da Faransanci da Larabci, don haka wanda ke Kumasi zai iya koya wa ɗan'uwansa na Lome ta waya, maɓallan suna wuri ɗaya, sunayen ne kawai suka bambanta.

Abin da ya sa ta dace da yanayinmu shi ne yadda take barin mutum ya iya da datarsa. A cikin saitin kowane asusu akwai wurin da za ka ce ta sauko da wasiƙun kwana 30 ko 90 na baya kawai, da wurin da za ka ce kada ta sauko da duk wasiƙar da ta wuce wani girma sai ka buɗe ta da kanka. Wanda ya shekara goma yana tara hotunan biki da bidiyon wa'azi a Gmail, idan ya haɗa asusun ba tare da wannan saitin ba, manhajar za ta fara jan komai, kuma datar MTN ko Telecel ta wata guda tana iya tafiya kafin la'asar. A tuna Gmail yana ba da gigabayit 15 kyauta, kuma akwai masu dab da cika shi. Shawarata ita ce a yi saukowar farko a inda ake da intanet marar ƙidaya, ko cikin dare idan layinka yana da garaɓasar dare. Daga nan sai 'yan sababbin wasiƙu kawai za ta riƙa ɗaukowa. A sani kuma cewa takardar da aka maƙala wa imel tana ƙara nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya, saboda yadda ake juya ta kafin a aika, shi ya sa fayil mai megabayit 20 yake cin data fiye da yadda aka zata.

Tana kuma hana hotunan da ke cikin wasiƙun talla buɗewa sai ka yarda. Wannan yana rage data, yana kuma hana mai aikowa sanin ko ka buɗe. Idan babu sabis, kana iya rubuta wasiƙa ka ce a aika daga baya, ta zauna a akwatin fita har intanet ya dawo. Akwai kalanda da littafin adireshi a ciki, akwai matatar da za ka koya wa, misali, duk wasiƙar da ta fito daga wani kamfanin jiragen ruwa ta wuce jakarta kai tsaye.

Aibinta ba ɓoyayye ba ne. Fuskarta tana da cunkoso ga sabon shiga, duk da gyaran da aka yi mata a siga ta 115 a 2023. Gmail kuma yana rikita ta kaɗan, domin shi ba jakunkuna yake amfani da su ba, lakabi ne, sai ka ga wasiƙa ɗaya ta bayyana a wuri biyu ko uku, a akwatin shiga da kuma jakar da ke tara dukan wasiƙu. Wannan ba lalacewa ba ce, amma yana cin wuri. Sannan idan ka goge wasiƙu, wurin ba ya dawowa nan take sai an matse jakunkunan, don haka idan ta tambaye ka izinin matsewa, ka ce mata to.

Outlook biyu ne

Sunan nan yana jawo ruɗani, domin Microsoft ya ba abubuwa daban-daban suna ɗaya. Akwai Outlook.com, wanda adireshi ne, magajin Hotmail. A manhajojin kwamfuta kuma akwai tsohon Outlook da sabo, kuma kusan ba abin da ya haɗa su sai launin shuɗi.

Tsohon shi ne wanda ma'aikatan banki da na gwamnati suka sani, yana nan tun Office 97. Manhaja ce mai ƙarfi, tana ajiye wasiƙu a kwamfuta, tana aiki ba intanet, kuma a wurin shirya taro da raba kalanda tsakanin ma'aikata ba ta da na biyu, muddin ofishin yana amfani da Microsoft 365 ko Exchange. Idan wurin aikinka ya biya ya ba ka, yi amfani da shi, kada ka wahalar da mai kula da kwamfutocinku. Microsoft ya ce zai ci gaba da tallafa masa aƙalla har 2029.

Amma na kuɗi ne, kuma ba kowane Office ne yake ɗauke da shi ba, mafi araha na gida babu Outlook a ciki. Wanda yake zuwa a kan kwamfutocin gwanjo da ake saye a Adum sau da yawa tsoho ne, wani lokaci ma an fasa makullinsa ne. Office 2016 da 2019 sun daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba, 2025, balle na 2010 da 2013, waɗanda ba su ma san sabuwar hanyar shiga Gmail ba. Ni dai ba zan zuba kalmar sirrin akwatina a cikin manhajar da ban san wanda ya taɓa cikinta ba. Akwai kuma wata tsohuwar cuta tasa: idan aka bar shi a kan tsarin rubutu na Rich Text, wanda ka aika wa takarda yana iya ganin wani fayil mai suna winmail.dat maimakon takardar. Maganin shi ne a mayar da tsarin zuwa HTML.

Sabon Outlook shi ne wanda ke zuwa kyauta a Windows 11. Ya maye gurbin ƙaramar manhajar Mail da Calendar, wadda aka daina tallafa wa a ƙarshen 2024. Yana da kyan gani, saita shi ba wuya. Sai dai a gininsa shafin intanet ne aka sa wa riga. An ƙara masa damar aiki ba sabis daga baya, amma bai kai tsohon ba, kuma na kyautar yana saka talla a saman jerin wasiƙu, ta yi kama da wasiƙa.

Babban abin dubawa shi ne wannan: idan ka haɗa masa Gmail ko Yahoo ko adireshin ofis, ba kwamfutarka ce take zuwa ta ɗauko wasiƙun kai tsaye ba. Sabar Microsoft ce take ɗaukowa, ta riƙe kwafi, sannan ta nuna maka. Manhajar tana faɗin haka a allon da yawancinmu muke danna "ci gaba" ba mu karanta ba, kuma wata mujallar kwamfuta ta Jamus ta yi ta magana a kai tun Nuwamba 2023. Ga wanda wasiƙunsa nasa ne shi kaɗai, ruwansa. Ga mai riƙe da fasfo ɗin mahajjata ko bayanan ɗalibai, wannan amanar wasu ce aka ƙara wa hannu na uku, kuma Ghana tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012 wadda ta ɗora wa mai tattara irin waɗannan bayanai nauyin kula da su.

Sauran

Wanda yake da Mac, Mail ɗin da ya zo da ita ya wadatar, kyauta ne, yana ajiye wasiƙu a kwamfuta, ba sai an nemi wani ba. eM Client, na wani kamfanin ƙasar Cek, ya fi Thunderbird kyan fuska kuma ya yi kama da Outlook, amma na kyautar adireshi biyu kawai yake ɗauka kuma don amfanin gida ne, mai kasuwanci sai ya biya. Mailbird ma kusan haka, amfaninsa na gaske yana bayan biya, kuma biya da kuɗin waje ga mai samun sidi ko sefa abin lissafi ne. Claws Mail ba ta da nauyi ko kaɗan, tana gudu a kwamfutar da sauran suka gagara, sai dai rubutu zalla ta fi sani, kuma haɗa ta da Gmail yana buƙatar hannun wanda ya san aikin. Outlook Express da Windows Live Mail kuwa sun mutu, na biyun tun Janairu 2017, duk wanda ya same su a tsohuwar kwamfuta ya kwashe wasiƙun ya bar su.

Akwai kuma tsaka-tsaki: Gmail yana da saitin aiki ba intanet a cikin Chrome, yana riƙe wasiƙun kwana 7 ko 30 ko 90. Ga mai adireshi ɗaya wanda ba ya neman tsofaffin takardu, wannan yana iya isa. Sassauƙan shafin Gmail ɗin nan da muke komawa idan sabis ya yi rauni, Google ya cire shi a farkon 2024.

Haruffanmu

Dukan manhajojin da ke raye yau suna aika rubutu da tsarin UTF-8, don haka ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ ɗin da ake rubutawa a Nijar, da é da ç na Faransanci, da Larabci, duk suna isa lafiya a wasiƙa ɗaya. Idan ka ga haruffan sun koma alamar tambaya ko wasu tarkace, galibi tsohuwar manhaja ce a ɗaya gefen. Matsalar ba a aikawa take ba, a bugawa take. Windows yana da allon rubutu na Hausa a cikin saitin harsuna, ana ƙara shi kyauta, akwai kuma Keyman ga mai son zaɓi. Wanda ya sayo kwamfuta daga Abijan ko Kwatano zai tarar da allon AZERTY, na Kumasi kuma QWERTY, amma wannan saitin Windows ne, ba na manhajar imel ba.

Abu ɗaya da na lura da shi a aikin koyarwa: neman wasiƙa yana bin yadda aka rubuta ta. Idan rabin mutanenka suna rubuta "kudi" rabi suna rubuta "kuɗi", sai ka nema sau biyu. A kan taken wasiƙar kasuwanci gara a sa lambar takarda ko kwanan wata, su ba su da lanƙwasa.

Tsohuwar kwamfuta

Windows 10 ta daina samun tallafi na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma kwamfutocin gwanjo da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Windows 7 tun Janairu 2020 aka sallame ta, kuma Thunderbird 115 ce ta ƙarshe da take aiki a kanta. Ga kwamfutar ofis da aikinta bai wuce wasiƙa da buga takarda ba, Linux Mint mafita ce mai kyau: kyauta ce, tana zuwa da Thunderbird a ciki, kuma jakar wasiƙun da aka kwafo daga Windows tana aiki a can.

Wata ƙaramar matsala da ke sa a kai kwamfuta wurin mai gyara a banza ita ce agogo. Akwai ɗan batir mai kama da kwabo a cikin kwamfuta, CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata. Idan ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta agogon yana komawa shekarun baya, sai manhajar ta ƙi haɗuwa da sabar tana cewa takardar shaidar tsaro ba ta inganta ba. Gyara kwanan wata, canza batir, magana ta ƙare. A duba yankin lokaci ma: Ghana da Togo da Burkina Faso da Kodebuwa suna kan GMT, Nijar da Najeriya da Benin da Kamaru suna gaba da awa ɗaya. Idan an saita kwamfutar daidai, gayyatar taron da aka aiko daga Yamai za ta faɗa a awar da ta dace a Kumasi.

Kalmar sirri, layin waya da kan iyaka

Tun 30 ga Mayu, 2022, Google ya daina barin manhajoji su shiga asusun Gmail na mutane da kalmar sirri kawai, Microsoft ma ya yi haka ga Outlook.com da Hotmail ranar 16 ga Satumba, 2024. Yanzu idan kana haɗa asusu, taga ce za ta buɗe ta kamfanin kansa, ka shiga a can, ka ba manhajar izini. A Gmail, manhajar da ba ta iya wannan ba sai an ƙirƙira mata kalmar sirri ta musamman daga cikin asusun.

Wannan ya ɗaure akwatin imel da lambar waya, kuma a nan mutanenmu suke da rauni na musamman. Muna tsallaka iyaka muna canza layi. Mutum yana Marad'i ko Duwala, lambar tabbatarwa tana tafiya layin Ghana da ya bari a aljihun wata riga. Wasu kuma layinsu ya tafi a 2023, lokacin da aka rufe waɗanda ba a yi musu rajista da Ghana Card ba, asusun da ke rataye a kansu ya shiga hatsari. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 a cikin saitin tsaro. A buga su a takarda, a ajiye tare da fasfo. Manhajar kwamfuta tana da rana a nan ma, domin ko an kulle ka a waje, abin da ta riga ta sauko da shi yana nan kana karantawa.

Wannan alherin shi ne kuma hatsarinta. Duk wanda ya zauna a gaban kwamfutar zai karanta komai. Thunderbird tana da babbar kalmar sirri, amma kalmomin shiga kawai take karewa, ba wasiƙun ba. Don haka a ofishin da mutum uku suke raba kwamfuta ɗaya, kowa ya samu nasa asusun Windows mai makulli. A shagon intanet ko wurin buga takardu kuwa, kada a taɓa haɗa asusu da irin wannan manhaja.

Masu fito da kaya su kula da wata damfara da ta yi ƙamari: wasiƙa ta zo da sunan abokin ciniki na gaske tana cewa an canza asusun banki. A waya suna kawai ake gani. A kwamfuta kana iya ganin cikakken adireshin, ka lura an sauya harafi ɗaya. Duk da haka, kira shi a lambar da ka sani tun da kafin ka tura ko sisi. A Ghana ana kai rahoton irin wannan ga hukumar tsaron intanet ta lambar 292.

Ajiyar gaske

A Thunderbird, a ƙasan jerin asusunka akwai wani sashe mai suna Local Folders, da Faransanci Dossiers locaux. Abin da ke cikinsa ba ya bin sabar. Buɗe jaka a ciki ga kowace shekara ko kowane abokin hulɗa, ka riƙa kwafa muhimman wasiƙu can, kwafa ba matsarwa ba, don su kasance a wuri biyu. A tsohon Outlook, makamancin wannan shi ne fayil ɗin PST, ba OST ba, domin OST madubi ne kawai.

Sannan a fitar da kwafi daga kwamfutar gaba ɗaya. Duk abin da Thunderbird ta mallaka, wasiƙu da adireshi da saiti, yana cikin jaka ɗaya. A Windows, rubuta %APPDATA%\Thunderbird a saman tagar fayiloli za ka gan ta. Rufe manhajar tukuna, sannan ka kwafe jakar duka zuwa filas ko rumbun waje, sau ɗaya a wata, ranar da kake biyan kuɗin haya ko na wuta don kada ka manta. Kalmomin shigarka ma suna cikin jakar, don haka filas ɗin ba na ara wa yara su ɗauko fim ba ne, kuma kada ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar. Idan ka sayi sabuwar kwamfuta, ɗora Thunderbird, rufe ta, mayar da jakar wurinta, ka sake buɗewa. Za ta iya neman ka sake ba da izinin Gmail sau ɗaya, sauran kuma za ka same su yadda ka bar su.